Dalilin da Nake Cewa Tunga

Da sunan Allah nake komawa kan wannan kaye, wato littafin rubutuna, bayan ciwon ido ya hana ni taɓa shi kwanaki. Ƴaƴana da jikokina, yau zan taɓo maganar da kuka daɗe kuna yi mini dariya a kanta. Garin nan da muke zaune yana da masallaci, yana da lakwal inda yara ke karatun boko, motar kasuwar Matameye tana tsayawa a gindin gawonsa, amma ni har yau in zan ambace shi sai in ce tunga. Wasunku sun ɗauka tsufa ne. Wata jikata kuwa ta gaya mini ido da ido wai raini ne, don ni ƴar Matameye ce nake ganin nan ƙauye. Haka kuma sunan nan da ya bi ni, Tafaɗa, na ji yara suna gaya wa juna wai rijiya na faɗa ina amarya. Ban faɗa rijiya ba. Ku natsu in gaya muku yadda aka yi, don duk waɗanda suka gani da idonsu sun tafi, saura ni.

A lokacin da nake ba ku labari, nan wurin tudun yashi ne kawai, daga sabara sai kalgo sai gawo uku. In ka hau tudun da hantsi kana hango kan giginyun fadama, inda ake rake da albasa. In ka wuce fadamar ka bi hanyar Ɗan Barto, ba ka daɗewa za ka tarar da ƙarfen da Nasara suka kafa, wanda ya raba mu da danginmu na wajen Daura, aka ce su na Ingilishi ne, mu na Faransa. Bugaje suna ratsowa ta nan da raƙuman gishiri da kanwa za su kudu, Fulani suna sauka da rani su zuba wa gonaki taki a ba su hatsi. Ba wanda ke kwana a nan shekara cur. Al'adar mutanen ƙasarmu ita ce, in ruwan farko ya sauka a fito daga gari a kafa bukkoki kusa da gona, a yi shuka, a yi noma, a yi girbi, in kaka ta wuce a ɗaure dammuna a koma gari. Irin wannan mazauni shi ake kira tunga. Ba shi da rijiya, ba shi da kushewa, ba shi da mai gari. Da damina ruwan tabki ake sha, tabki ya ƙafe kowa ya kama hanya.

Babanku da mahaifinsa su suka sare wannan tudu da gatari. Su baƙi ne a Matameye, ba su gaji gona ko taki ɗaya ba, ɗakin da suke ciki ma na aro ne. Tsohon ya rasu kafin a kawo ni, ya bar matarsa, wadda nake kira Iya, da ɗanta na fari, wato babanku. Ku ƴan yanzu sai an tuna muku: a zamaninmu mace ba ta kama sunan mijinta, uwa kuma ba ta kama sunan ɗanta na fari. Ba doka ce da wani ya kafa ba, baki ne kawai ba ya iyawa. Ni ina ce masa maigida, Iya tana ce masa ɗan nan. In wata maƙwabciya tana da yaro mai irin sunansa, sai mu laƙaba wa yaron wani suna mu huta. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Shekarata ta biyu a ɗaki, ina da ciki wata biyar, gero ya yi kyau. Muna cikin ɗaurin dammuna sai ga mai garin da ke kusa da mu, ana ce masa Ɗan Jimo, tare da sojoji biyu masu jar hula. Nasara suna son majiya ƙarfi don aikin hanyar Damagaram, an ce kowane mai gari ya kawo nasa. Ɗan Jimo bai ɗauki ƴaƴansa ba, bai ɗauki na ƴan'uwansa ba, sai ya tuna da baƙon da ke noma a kan tudu. Da bakinsa ya kira sunan babanku a gaban sojojin. Babanku bai yi gardama ba. Ya ajiye igiyar da ke hannunsa, ya dubi rumbu, ya dube ni.

"Ku ƙarasa ɗaurin, ku koma gari. Kafin shuka ina nan, in Allah ya yarda."

Abin da ya ce ke nan. Muka tsaya muna kallo har sabara ta rufe su.

Da mun bi maganarsa, da ba a haife ku a nan ba. Sauran gidaje huɗu da muke tungar da su suka yi ta ɗaura kaya, mu ma mun fara. Ran kasuwar Matameye Iya ta kai garin kuka da gyaɗa sayarwa, ta dawo da la'asar fuskarta ba daɗi. Ta ji a bakin wata mai sai da fura, wadda mijinta yake yi wa barikin Nasara itace, cewa da rani kumandan, babban Nasaran da ke mulkin yankin, zai yi rangadi ya rubuta garuruwan ƙasar Kance ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya tarar da rijiya da hayaƙi da mai wuri, gari ne, ƙasarsa tasa ce. Inda ya tarar da bukkoki babu kowa, daji ne, sai a haɗa shi da garin da ya fi kusa. Garin da ya fi kusa da mu kuwa na Ɗan Jimo ne. A nan muka gane ba don ƙarfin kafaɗarsa kaɗai aka zaɓi babanku ba. Iya ta zauna a kan turmi, ta daɗe tana murza yashi da ƙafa.

"Ƴar nan, uban ɗan nan a kan tudun nan ƙarfinsa ya ƙare. In aka karɓe, me zan ce masa in ya dawo? Ga gatari, je ka sake?"

"To mu zauna mana, Iya."

"Mu zauna mu sha me? Yashi?"

"Akwai jaki, akwai salka, ga fadama."

"Ke da wannan cikin? Uwarki tana nan tafe ta ɗauke ki goyon ciki. Ni kaɗai zan yi hayaƙin gari?"

Ni tun ina yarinya ba mai yawan magana ba ce. Amma da safe da maƙwabta suka kora jakunansu, sai na kwance ƙullin da na riga na ɗaure, na mai da tukwane kan murhu. Iya ta gani. Ita ma ta kwance nata.

Bayan mako biyu Innata ta zo. Ta taho tun daga Matameye a ƙasa, da sabon zane a ƙwarya da ɗan goro na Iya, kamar yadda ake yi in za a ɗauki ƴa haihuwar fari. Ta riga ta share mini ɗaki, ta tara itacen wanka, ta gaya wa ungozoma. Ni ce ƴarta mace tilo, sauran duk maza. Da ta ga tungar wayam, daga mu sai kaji da ƴan dabbobinmu, sai ta tsaya a bakin danga ta riƙe haɓa.

"Delu, ɗauko mayafinki mu tafi tun rana ba ta yi ba."

Na durƙusa na gaya mata abin da ake ciki, a hankali, kaina a ƙasa. Ta saurara har na gama.

"Wato gona ta fi ni."

"Ba haka ba ne, Inna."

"To yaya ne? Kin taɓa jin wadda ta yi haihuwar fari a daji, gaban uwar miji, babu ruwa babu ungozoma? So kike matan unguwa su ce na kasa riƙe ƴata? In kika mutu a nan, tudun ne zai yi mini kuka?"

Iya ta sa baki, ta ce gaskiyar Inna ce, in tafi, ita za ta san yadda za ta yi. Na san ba za ta iya ba. Tsohuwa ɗaya a bukka ba gari ba ce, ko yaro ya gani ya san gadi take yi. Na ce wa Inna ta yi mini aikin gafara, ba zan tafi ba. Shi ne karo na farko da na ƙi maganarta tun da ta haife ni. Ta ajiye zanen a kan danga, ta ɗauki ƙwaryarta, ko ruwan da na miƙa mata ba ta sha ba.

"Allah ya sauke ki lafiya."

Ta juya. Na daɗe ina jin wannan addu'a tana sukata fiye da zagi.

Tabki ya ƙafe. Kullum da sassafe ni da Iya mu kora jaki zuwa fadama, mu cika salka biyu da tulu, mu dawo rana ta take. Da cikina ya yi nauyi sai Iya ta riƙa zuwa ita kaɗai, ni in yi daka in hura wuta da ɗanyen kara don hayaƙi ya tashi sosai, duk mai wucewa ya gani. Fulanin da suka sauka a gonarmu suna kawo mana nono, suna mamakinmu. Wata Bafulatana ta ce mun zama kamar gawon nan mai yin ganye da rani, kowa ya kaɗe, mu kuwa sai muka yi ganye. Amma hayaƙi ba rijiya ba ne, mun sani. Ana haka Allah ya jeho mana Baba Kyari, wani dattijo Babarbare mai haƙar rijiya, ya fito daga gabas zai tsallaka iyaka neman aiki. Ya tsaya neman ruwan sha. Iya ta ba shi, sannan ta nuna masa akuyarta mai ƴaƴa biyu, ta ce tasa ce in ya fid da mana ruwa a tudun nan. Ya zagaya wurin yini guda yana ɗanɗana ƙasa a harshe, yana duba inda gidan tururuwa ya yi yawa. Daga ƙarshe ya soka dagi tsakanin gawo biyu.

"Akwai ruwa, amma yana da nisa kamar alkawarin mai gari. Wa zai ja mini ƙasa?"

"Mu," in ji Iya.

Ya dube ta, ya dubi cikina, ya yi dariya har haƙoransa biyu da suka rage suka fito.

"Tsohuwa da mai ciki da mai haƙori biyu. To, bismilla. In muka mutu ma ga rami mun tanada."

Haka muka yi ta yi. Shi yana ƙasa yana sara yana cika kwando, mu muna sama muna jan igiya. Yashin tudu ba ya tsayawa da kansa, sai an ɗaure bakin da itace da ciyawa gaba bayan gaba, don haka rabin aikin saran itace ne. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Sau biyu gefe yana zubowa Baba Kyari ya fito fari fat kamar an tona shi, yana zagin yashin da Barbarci. Ɗan Jimo ya zo sau ɗaya a kan godiyarsa, ya leƙa ramin.

"Sannunku da aiki, Iya. Rijiya kuke yi mini? Allah ya saka."

"Amin. In ta yi ruwa ka zo ka sha, ba ma hana baƙo."

Ranar da naƙuda ta kama ni, da hantsi ne, igiya tana hannuna. Iya ce ungozoma, ita ce uwa, ita ce mai riƙe baya. Ni da nake jin nauyin ko cin abinci a gabanta, ranar kunya ta bar ni. Kafin azahar yayarku ta faɗo. Iya ta yanke cibi da aska, ta haƙa rami a bayan bukka ta binne mabiyiya, ta ɗora dutse a kai. Da ta dawo sai ta tsaya a ƙofa, gumi yana zuba.

"To, yau dai an binne cibiya a nan. Kowa ya ce daji ne, ya zo ya gaya wa wannan."

Baba Kyari ya yi wa jaririya huɗuba a kunne. Ran suna malam ɗaya ya zo daga rugar Fulani, aka yanka ragon Iya. Na aika wa Inna. Ƴan'uwana maza biyu suka zo, ita ba ta zo ba. Wahalar da ba ku sani ba ita ce ta wankan jego. Mai jego tana son ruwan zafi tukunya guda safe da yamma har kwana arba'in, ga kunun kanwa, ga wankin tsumma. Duk wannan ruwa Iya ce ke ɗauko shi daga fadama, sawu biyu a yini, ta dawo ta ja wa Baba Kyari ƙasa, ta tafasa ruwa ta fyaɗa mini da ganyen tsamiya. Ku da kuka san ta a duƙe, kuna ce mata Iya mai doro, ba haka aka halicce ta ba. A wannan rani bayanta ya lanƙwashe. Ina kwana goma sha tara da haihuwa, muka ji Baba Kyari yana ihu daga cikin rami. Iya ta ja kwando, sai ga laka tana ɗiga. Ta dangwala ta shafa a goshin jaririya, ta shafa a nawa, sannan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka tafi da ɗanta.

Kwana shida bayan haka kumandan ya iso. Ina cikin bukka, don mai jego ba ta fita gaban maza, amma ta tsakanin karan danga ina ganin komai. Nasara ne ja kamar an gasa shi, da faffaɗar hula, ya sauka a inuwar gawo aka kafa masa kujera, ya ɗora kaye a gwiwa. Tare da shi akwai sojoji, da Ɗan Jimo cikin babbar riga, da tafinta. Tafintan nan ba ɗan ƙasarmu ba ne, daga can yamma mai nisa Nasara suka zo da shi. Hausarsa ta kasuwa ce, bai san mace da namiji a magana ba, balle ya san abin da baki ke iya faɗi da wanda ba ya iyawa. Baba Kyari yana can ƙasa yana gyara gindin rijiya, shi kuwa ko da yana sama bai taɓa ganin babanku ba, ɗan Iya kawai yake ji muna cewa. Kumandan ya leƙa rijiya, ya sa aka ja guga, dokinsa ya sha. Ya dubi rumbu, ya dubi murhu. Iya ta kai su bayan bukka ta nuna dutsen cibiya. Na ga ya gyaɗa kai ya koma kujera ya ɗaga alƙalami. Zuciyata ta ce an gama.

"Kai, tsohuwa," in ji tafinta. "Kumandan ya ce, gari na wa?"

"Na ɗana ne. Yana aikin hanyarku."

"Suna."

"Ɗan nan dai. Ɗana na fari."

"Ɗan nan ba suna ba. Kumandan yana so suna, ya rubuta."

Iya ta buɗe baki ta rufe. Ta juya wajen Ɗan Jimo, wanda da bakinsa ya kira sunan nan a gaban sojoji wata biyar da suka wuce.

"Mai gari, kai ka san shi. Gaya musu mana."

Ɗan Jimo ya ɓare goro, ya jefa a baki, ya tauna a hankali.

"Ni? Iya, mutanen da ke wucewa ta dajin nan suna da yawa, ina zan riƙe sunan kowa?" Sannan ya rusuna wajen tafinta. "Gaya wa kumandan, ransa ya daɗe, ya gani da idonsa. Uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba? Babu wani ɗa. Mata ne na bari su rage zafi a dajina."

Tafinta ya juya maganar. Kumandan ya ɗaga gira, ya sake tambaya, tafinta ya sake daka wa Iya tsawa. Wallahi ta yi ƙoƙari, na ga ta ɗaga kai, amma shekara talatin bakinta bai taɓa haɗa waɗannan haruffa ba, suka ƙi fitowa. Hawaye kawai ke zuba. Kumandan ya duba rana, ya ce wani abu gajere, alƙalaminsa ya fara sauka kan takarda, Ɗan Jimo ya gyara wuyan riga.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na saɓa jaririya a kafaɗa, na ja zane na rufe kai, na fito. Maza duk suka juyo. Na durƙusa nesa kaɗan, na dubi yashi, na faɗi sunan mijina.

Ku kun san muryata, ko kaza ba ta kora. Tafinta ya karkato kunne.

"Me ya ce? Ƙara, da ƙarfi."

Na ƙara, da ƙarfi, har Baba Kyari ya ce ya ji daga cikin rijiya. Kumandan ya maimaita yana rubutawa, amma ya karya sunan, ya mai da shi wani abu da ba na kowa ba. Na ga in aka rubuta haka, gobe Ɗan Jimo zai ce ba a san mai wannan suna ba. Sai na ɗaga kai na dubi Nasara a ido, na faɗa masa na uku, gaɓa gaɓa, kamar mai koya wa yaro. Ya gyara. Ya karanta wa tafinta, tafinta ya ce daga yau nan gari ne, mai shi wane, in ya dawo ya je Kance ya gai da sarki. Da na waiwaya, Iya ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta juya mana baya. Goro ya faɗo daga bakin Ɗan Jimo.

"La ilaha illallahu. Ta faɗa! Jama'a, da jegonta, gaban uwarsa. Ta faɗa!"

Da suka tafi na koma bukka. Na ɗauka Iya ba za ta sake kallona ba. Da yamma ta tafasa ruwa kamar kullum, ruwan rijiyarmu, ta kira ni bayan danga. Tana fyaɗa mini ganye, sai can ta tsaya.

"Ƴar nan, ɗazu da baƙin nan suka zo, kin yi magana ne?"

Na sunkuyar da kai.

"Don ni kunnena ya tsufa. Ban ji komai ba. Juyo in gasa miki bayan."

Ba ta sake tayar da zancen ba har ta koma ga Allah.

Amma Ɗan Jimo bai yi shiru ba. Ƙasa ta kuɓuce masa, sai ya ɗauki labarin ya kai kasuwar Matameye, daga nan ya bazu har Dawce da Ɗan Barto. Duk inda na bi, mata su taɓa juna, ga Tafaɗa nan. Shekaru ba a ba ni wankan amarya ba, ba a sa ni rakiya ba, wai kada in koya wa ƴaƴan mutane rashin kunya. Wannan duk na iya ɗauka. Abin da ya fi mini nauyi na Inna ne. Da na yi arba'in na goya yayarku na tafi gaishe ta. Ta karɓi jaririya, ta yi mata rawa, ta yi mata wasa, ni kuwa ko kallo. In za ta yi mini magana sai ta yi da jaririyar.

"Gaya wa uwarki akwai tuwo a akushi. Gaya wa uwarki rana ta yi, ta kama hanya."

Haka muka yi damina uku. Ina zuwa duk bayan kasuwa biyu da nono da ɗanyar gyaɗa, tana karɓa, tana gaya wa yarinya ta yi mini godiya. Ban taɓa fasa zuwa ba, ina cewa wata rana za ta huce. Zazzaɓi ya ɗauke ta ina nan ina shuka, kafin in isa an kai ta. Tun ranar da ta ce Delu ɗauko mayafinki, ban sake jin sunana a bakinta ba. Ni da na faɗi sunan da ba a faɗi, sai aka daina faɗin nawa. Ban ce Inna ta yi kuskure ba, kada wani cikinku ya riƙe ta da wannan. Abin da aka koya mata ta riƙe, ni ma ita ta koya mini. Kuma in aka mai da ni bakin dangar nan yau, da ita tsaye da ƙwaryarta, zan sake durƙusawa in ce ta gafarce ni, ba zan tafi ba.

Babanku ya dawo ana saura kaɗan ruwa ya sauka, ya rame, kafaɗunsa duk tabon kaya. Ya riga ya ji labari a hanya. Ya tsaya a bakin rijiya ya ja guga da kansa ya sha, ya ɗauki ƴarsa ya daɗe yana dubanta. Ni ina bakin murhu kamar in nutse. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Wata rana muna fasa dutse na ƙware da ruwa har sau uku. Na ce ko wa ke ambatona haka."

Iya ta yi tsaki ta shige ɗaki, ni na rufe fuska. Iyakar abin da ya taɓa cewa ke nan. Da damina gidaje huɗun nan suka dawo, da kaka biyu daga ciki ba su koma gari ba, tunda ga ruwa. Bayansu wasu suka zo, har da jikokin Ɗan Jimo da kuke aure da su yanzu, kuma ban hana ba.

To kun ji. Takardar Nasara ta sa wa garin nan sunan babanku, kowa ya bi. Ni kuwa a yini ɗaya na faɗe shi sau uku, na gama rabona. In na kira sunan garin na kira nasa, shi ya sa nake cewa tunga. Da aka buɗe mana karatun yaƙi da jahilci, kaina ya riga ya yi fari, malamin ya ce kowa ya rubuta sunan garinsu a allo. Na riƙe alli na kasa. Na tambaye shi ko rubutu faɗi ne. Ya yi dariya ya ce a'a Iya, wannan aikin hannu ne, baki ba ruwansa. Duk da haka ran nan tunga na rubuta, ya ba ni kuskure, na karɓa.

Yau dai zan gwada maganar malamin, don kada wata rana a ce muku wani ne ya kafa wurin nan, ku rasa abin nunawa. Ga shi da hannuna, bakina a rufe.

Garin Haladu.

Wanda zai karanta wa sauran, in ina zaune a wurin, ya tsallake wannan layi.